Yaya da Kusurwar da Ba Ta Tsakiya Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. A wannan karon layi ya zo kan yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta cika da hantsi a ɗakinta na gidanmu da ke Fagge, muka kai ta bayan La'asar. Yaran gida Gwaggo suke ce mata, mutanen unguwa su ce Malama. Ni kuwa, ga ni da furfura har a gira, ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya.

Tsohuwar da ta yi mata wanka ta fito tana share ido da bakin mayafi, ta ce, "Yau dai na ga Malama kwance shiru." Matan da ke tsakar gida suka yi dariya cikin kuka, don kowa ya san abin da take nufi. 'Yarta tilo ta ce ita har yanzu kunnenta na jiyo ƙarar silifas ɗin uwar tana kai da kawo tsakanin ɗaki da madafa.

Washegari tsofaffin ɗalibanta suka fara zuwa, wasu na dogara sanda, wasu jikoki na riƙe da su. Daga zaure ina jin muryoyinsu. Ɗaya ta ce, "Ba ta taɓa ɗora mini bulala ba, amma na fi tsoronta a kan masu dukan." Wata ta ce, "Ni fa faɗuwa na yi a lissafin nan, ba na ɓoyewa. Amma har yau in jikana ya kawo mini magana sai in ji bakina ya ce, 'Ina dalili?'" Ta uku ta ce Malama ta cika takura wa mutane, aka yi mata caa, ta ce ai ita ba zagi take yi ba, gaskiya take faɗa, kuma a wurin mai rasuwar ta koya.

Da yamma wani dattijo ya iso daga Sabon Gari, Inyamuri, Kirista, ɗaya daga cikin tagwayen da zan ba da labarin mahaifiyarsu. Ya tuɓe takalmi ya zauna cikinmu a tabarma. Can ya kama hannuna ya ce, "Kawu, sau biyu ke nan ina rasa uwa."

Ni na kasa zama. In zauna in tashi, in shiga gida in fito, in leƙa ɗakinta in ga gado a gyare in juyo. Ana cikin haka na ji wani jikan babban wanmu, ɗan jami'a, yana tambayar ɗan'uwansa a hankali, "Wai da gaske Gwaggo ta taɓa koyar da lissafi? Na ɗauka ɗinki ta iya." Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami. Waɗanda suka san ta da ƙarfinta sun kusa ƙarewa, ni ma ba yaro ba ne.

Mahaifinmu magatakarda ne a kotun alƙali. Shi ya sa Yaya a boko lokacin da sa 'ya mace a makaranta abin surutu ne, ta yi horon malanta, ta zama malamar ɗinki da girki a wata makarantar 'yan mata ta je-ka-ka-dawo da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Tana kuma taɓa ƙidaya a ƙananan azuzuwa. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta dawo gida da 'yarta, ta ƙi sake aure.

Ba ta iya zama ba. A tsaye take cin abinci. In tana magana da kai hannunta na ninke wani abu ko yana warware shi. In ta tura yaro aike, kafin ya kai bakin lungu ta bi bayansa ta karɓi aiken. Sallah kaɗai ke zaunar da ita, ita ma da ta shafa addu'a ta miƙe. Ni auta ne, kuma haka take kirana. "Auta, tashi." Ina jin wannan kalmar ta fi kowace yawa cikin abin da ta faɗa mini a duniya.

To, sai shekarun kuɗin fetur suka shigo bayan yaƙin basasa. Kano ta zama kamar an yaye murfin tukunya mai tafasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, kowa ya rikice. Wanda ka sani jiya da keke yau ka gan shi da babur, gobe ka ji ya zama ɗan kwangila. Babban wanmu ya bar aikin gwamnati ya shiga harkar siminti, ya yi Makka, ya zama Alhaji. Ni ina ƙaramin ma'aikaci a sakatariya, na ci bashin mota na sayi wata 'yar ƙarama mai ƙirar kunkuru, wadda nake gogewa safe da yamma. Malaman makaranta kuwa suka yi ta zubewa. Malamin lissafin manyan azuzuwa na makarantar su Yaya ya ajiye alli a tsakiyar zango ya kama aiki da wani kamfanin gine-gine. Aka ce za a turo wani daga ƙasar waje. Aka jira, shiru.

Shugabar makaranta ta tara malamai ta ce ba yadda za ta yi, 'yan ajin ƙarshe ba za su zauna takardar lissafi ba a jarrabawar fita. Kowa ya san ma'anar wannan: ba kwalejin malanta mai zurfi, ba makarantar jinya, ba jami'a. Yaya ta ce ita za ta riƙe ajin. Shugaba ta ce, "Malama, wannan fa ba ƙidaya ba ce. Akwai jometiri, lissafin zane da kusurwoyi." Yaya ta ce, "Mutum ne ya rubuta shi ko aljani?"

Ran nan ta shigo ɗakina da littafin a hannu, ko sallama ba ta gama ba. Ta buɗe wani shafi mai zanen alwatika biyu, kowace da haruffa a kusurwoyinta.

"Auta, kai ka yi sakandare. Me suke so a nan?"

Na karanta. Na ce, "So suke ki nuna cewa alwatikan nan biyu daidai suke, in an ɗora ɗaya kan ɗaya ba inda zai leƙo."

"Ai ga su nan daidai. Makaho ma ya shafa ya ji."

"Ba a yarda da gani ba. Sai kin rubuta hujja."

"To rubuta mini."

Na juya fensir, na yi tari, na goge abin da ban ma rubuta ba. Ni tarihi da Larabci na iya, lissafi da ƙyar na tsallake shi. Ta zare littafin daga hannuna ta ce, "Allah Ya jiƙan kuɗin makarantarka," ta fice.

A kasuwar Sabon Gari akwai wata mata mai rumfar zare da maɓallai da allurai, wadda Yaya ke sayen kayan ajin ɗinki a wurinta. Kowa Maman Tagwaye yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Kafin yaƙi malamar lissafi ce a makarantar mishan. Ta gudu gabas da miji da 'ya'ya, ta dawo da tagwaye kawai, ba ta kuma sake shiga aji ba. Yaya ta taɓa ganin ta tana duba aikin 'ya'yanta a kan akwatin maɓallai, shi ne abin ya faɗo mata.

Maman Tagwaye ta ce, "Malama, na rufe wannan littafin tuntuni."

Yaya ta ce, "To buɗe. Ni zan riƙa ba masu saye kaya, ke ki riƙa ba ni karatu."

Haka aka yi. Kullum in an tashi makaranta sai ta zarce kasuwa. Abin da ta koya da yamma shi za ta koyar da safe. Wani lokaci in na biya ɗaukarta sai in tarar da su kai a haɗe kan kwali, mai saye na tsaye yana ta sallama ba wanda ya ji. A nan ni ma na fahimci abin da ya gagare ni a makaranta. Maman Tagwaye kan ce rubutun hujja hawa uku ne. Ka fara faɗin abin da aka ba ka. Ka faɗi abin da ake so ka tabbatar. Sannan ka sauko layi bayan layi, kuma duk layin da ka rubuta ka ajiye dalilinsa a gefe: wannan gefen daidai yake da wancan saboda an faɗa a tambaya, wannan kuwa gefe ɗaya ne alwatikan biyu suke tarayya a kai, wannan kusurwar daidai take da waccan saboda suna fuskantar juna inda layuka suka gitta. In layi ba shi da dalili, sai ta soke shi da jan biro ko da gaskiya ne.

Ta koya mata ƙofofin da ake bi a tabbatar alwatika biyu daidai suke. In gefe uku sun yi daidai da gefe uku, an gama. In kusurwa biyu da gefe ɗaya sun yi daidai da takwarorinsu, an gama. In gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu sun yi daidai, an gama. Yaya ta koma gida ta yanka alwatikai da ƙyallayen atamfa, ta yi ta ɗora su tana juyawa tana kifawa, har sai da ta yarda da hannunta.

Ɗalibanta sun ba ni labarin yadda ajin yake. Ba ta taɓa zama a kujerar malami ba, a kanta ma take ajiye ƙyallayen. Wata rana wata yarinya mai baki ta rubuta cewa gefe kaza daidai yake da gefe kaza, a wurin dalili ta sa "a bayyane yake". Yaya ta ce, "Wa ya bayyana miki?" Yarinya ta ce, "Malama, ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima." Aji ya fashe da dariya. Yaya ta ce, "A kasuwar hatsi ke nan. A nan ajin ido baƙo ne, sai ya kawo wanda ya san shi." Ta sa ta auna da rula, sai ga ɗaya ya ɗara ɗaya da ɗan kaɗan, don da gangan ta zana su haka.

Babban wanmu bai ji daɗin wannan zirga-zirga ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare ta a tsakar gida, ina tsaye.

"Mutane suna magana," in ji shi. "'Yar Malam guda, kullum yamma tana zaune a rumfar kasuwa a Sabon Gari."

"Su wa ke maganar, Alhaji?"

"Mutane."

"Mutane ba suna ba ne. Me suka gani?"

"Sun gan ki."

"Sun gan ni ina me?"

Ya ce, "Ke komai sai kin mai da shi kotu!"

Ta ce, "Da abincin kotu aka raine mu."

Ya sassauta murya ya ce ya samo mata kwangilar ɗinka kayan makarantun firamare, ta zauna a gida da teloli a ƙarƙashinta, ta huta da alli. Ta ce ta gode, a ba wani. Ya ce in ta sake taka kasuwar nan babu shi babu ita. Ta ce, "Allah Ya huci zuciyarka," ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwar. Daga ranar suka daina magana. Gida ɗaya, ni ne gada. "Auta, gaya wa yayarka." "Auta, gaya wa wanka."

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, saƙo ya zo wa Maman Tagwaye cewa mahaifiyarta ta rasu a gabas. Ta rasa yadda za ta yi: rumfa, ga tagwaye suna tsakiyar karatu, ga ba ta da kowa a Kano da za ta bar wa su. Yaya ba ta yi shawara da kowa ba, sai ganin ta muka yi ta shigo gida da yara maza biyu da akwatinsu. Ta shimfiɗa musu a ɗakina. Ranar Lahadi ita ke tashe su ta ce su yi wanka kada su makara coci, ta ce in kai su. Da yamma kuma ta je ta buɗe rumfa ta sayar da zare. Alhaji ya yi kamar bai gani ba. Amma na sha kama shi yana miƙa wa yaran ƙunshin tsire a zaure yana cewa kada su gaya wa kowa.

A wannan zaman rumfar ita kaɗai ne abin ya faru. Tana ta bitar tsofaffin tambayoyi, sai ta ci karo da wata da ta ƙi fita ta ƙofofin da ta sani. Akwai gefe biyu daidai, akwai kusurwa ɗaya daidai, sai dai kusurwar ba a tsakanin gefen biyu take ba. Ta zana, ta yanka ƙyalle, ta ɗora, suka hau juna. Ta sake da wani awon, suka hau. Sai ta yanke cewa gefe biyu da kusurwa ɗaya sun isa, ko a ina kusurwar take. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta ce mini, "Auta, na samo wa yarana gajeriyar hanya." Ta koyar da ita a darasin bita na ƙarshe, ta sa suka rubuta suka ja layi a ƙarƙashi. Ranar Alhamis aka sallami 'yan ajin su je gida su yi karatu. Takardar lissafi ranar Litinin da safe.

Maman Tagwaye ta dawo ranar Juma'a. Da La'asar na kai mata Yaya da tagwayen har gida. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ko ruwan da aka kawo Yaya ba ta sha ba ta zaro takarda ta nuna mata abin da ta gano. Maman Tagwaye ta duba, ta ɗago.

"Kin koya musu wannan?"

"Jiya-jiyan nan muka gama."

"Malama, wannan ba ƙofa ba ce. Rami ne."

"Na gwada da hannuna. Sun hau juna."

"Kin gwada waɗanda suka hau. Miƙo kamfas."

Maman Tagwaye ta karɓi abin zana da'irar, ta ja dogon layi a kwance. Daga bakinsa na hagu ta tayar da wani layi a karkace, ta tsayar da shi. Ta ce, "Ga kusurwarki, ga gefenki na farko." Ta kafa tsinin kamfas a saman layin nan na karkace, ta buɗe shi daidai tsawon gefe na biyu, ta juya shi a hankali. Bakin fensir ya yanki layin kwance a kusa, ya nutse ƙasa, ya sake fitowa ya yanke shi a can gaba. Wuri biyu. Ta haɗa layukan. Sai ga alwatika biyu, ɗaya 'yar tsugunne, ɗaya doguwa ta miƙe ƙafa. Gefe biyunsu ɗaya, kusurwarsu ɗaya, amma ko yaro ya san ba za su hau juna ba.

Yaya ta ce, "Sake." Ta sake. Yaya ta karɓi kamfas ta yi da kanta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta miƙe, ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta sake komawa.

Maman Tagwaye ta ce, "Zauna. Ki gaya musu ranar Litinin a bakin ɗakin jarrabawa."

"Ana saura minti kaɗan a shiga? In ce musu abin da na sa suka ja wa layi ƙarya ne? Su shiga da wace zuciya?"

Na ce, "Yaya, wataƙila ma ba za a tambaya ba."

Ko kallona ba ta yi ba.

Asabar da sassafe ina goge mota, na sa sabuwar shadda don ɗaurin auren abokina, sai ga ta da mayafi da jaka. "Auta, tashi mota."

"Ina za mu?"

"Gidajen yarana."

"Duka? Kin san gidajen ne?"

"Na san ɗaya. Ita ta san wata."

Muka fara da wata yarinya a nan Fagge. Uwarta ta fito a firgice, ta ɗauka laifi 'yar ta yi. Yaya ta ce, "Ba ita ba ce, ni ce." Ta durƙusa a tsakar gida, ta ɗauki gawayi da zare, ta zana layin kwance da na karkace a kan siminti, ta danne zaren da yatsa ta juya gawayin, ya yanki layi a wuri biyu. Ta ce, "Abin da na koya muku ranar Alhamis kuskure ne. Kusurwa sai ta tsakiya. Ɗauko littafinki ki soke da hannunki." Da yarinyar ta soke, ta ce, "Yanzu zana mini." Sai da ta zana daidai, sannan Yaya ta nemi izinin uwar ta tafi da ita ta nuna mana gida na gaba. A can kuma yarinyar farko ce ta yi zanen, Yaya na tsaye a kanta.

Haka muka yi ta yi. Lungu ya ƙi mota, mu sauka mu taka. Mu sauke wannan mu ɗauki waccan. Wata ta fashe da kuka ta ce ita ta riga ta haddace, yanzu komai ya cakuɗe mata. Yaya ta zauna da ita a bakin rijiya, ita da ba ta zama, ta bi da ita ƙofofin nan uku ɗaya bayan ɗaya har ta yi shiru. A wani gida uban yarinyar, wani mai shagon yadi, ya tsaya a zaure yana dariya. Ya ce, "Ikon Allah! Yau ga malama tana yawon shelar jahilcinta. To mu da muka ba ku 'ya'ya fa?" Na ji jinina ya hau. Yaya ta ce, "Gaskiyarka, Alhaji. A yi mini iso." Ya kauce.

Da Azahar muka faɗa cunkoson shataletalen Bata. Rana ta take, motoci sun cushe, 'yan dako na ihu. Wani mai amalanke ɗauke da dilolin atamfa ya goga mini ƙarfe tun daga ƙofar gaba har ta baya. Na fito na ga fenti ya tashi kamar an yanka da wuƙa. Ɗaurin aure ya wuce, shadda ta jiƙe da gumi, ga mota. Na koma ciki na ce mata abin da ke raina. Na ce wannan ba gyara ba ne, taurin kai ne, kuma don ta wanke kanta take wahalar da kowa. Yara biyu na zaune a baya suna ji.

Ta ce, "Ka gama?" Ta buɗe ƙofa, ta ce wa yaran su fito, suka kutsa cikin mutane a ƙafa suka nufi Sabon Gari.

Na zauna riƙe da sitiyari ina huci. Ina hango farin mayafinta yana ɓacewa yana ɓullowa tsakanin motoci, ba ta waiwayo ba. Da hanya ta buɗe na bi su. Na same su a wani layi, ta riga ta durƙusa a barandar wani gidan haya tana zane, matan gidan sun kewaye ta suna kallo. Da ta gama ta shigo mota kamar ba abin da ya faru, ta ce, "Kwana hagu."

Magariba ta yi mana ba mu kai rabi ba. Muka koma gida, ƙafafunta sun kumbura, muryarta ta dushe. Ta ƙi cin tuwo, tana ta lissafa waɗanda suka rage da yatsu: 'yan unguwar Kwaciri, da na Sabon Gari da ba a samu a gida ba, da wata da aka ce ta tafi wurin kakarta a bayan gari. Na ce gobe ba za ta yiwu da mota ɗaya ba. Alhaji na zaune a kan buzunsa a ƙofar ɗaki yana jan carbi, yana jin mu.

Da safe muka fito muka tarar da motarsa a ƙofar gida, direba a ciki, shi kuma yana tsaye da farar babbar riga. Bai dube ta ba, ni ya duba. Ya ce, "Auta, gaya wa yayarka ni zan ɗauki Maman Tagwaye in ta fito daga coci, mu yi Sabon Gari. Ku ku yi Kwaciri." Yaya ta ce, "Auta, gaya wa wanka ya tafi da gawayi, can gidajen da risho suke girki." Ya miƙa hannu, ta zuba masa gawayi a tafin hannu, a kan farar rigar nan. Daga ranar ba su sake neman gada ba.

Ta ƙarshen, wadda ta tafi wurin kakarta, sai gab da faɗuwar rana muka same ta, tana tsinkar zogale a bayan gida. A kan ƙasa aka yi mata zanen da tsinke.

Ranar Litinin na baro ofis da wuri na je makarantar. Yaya na bakin ƙofa tana kai da kawo tun safe, an ce ko ruwa ba ta sha ba. Aka buga ƙararrawa, yara suka fito da gudu suka kewaye ta, kowa na magana. An tambayi alwatikai masu daidaita, amma ta ƙofar gefe uku. Maganar gefe biyu da kusurwa ko sau ɗaya ba ta fito ba.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "To Yaya, ga shi nan. Kwana biyu muna yawo, an kankare mini fentin mota, an yi miki dariya a zauren mutane, kuma ko tambayar ba a yi ba."

Tana kallon titi, hannunta na ninke bakin mayafi tana warwarewa. Ta ce, "Auta, kai ka ɗauka don takardar yau na je? Ƙarya na ajiye a kawunan 'ya'yan mutane. Kayana ne, na je na kwaso abina."

Muka iso Fagge. Kafin in gama tsayar da mota ta buɗe ƙofa, wai ta bar wake a wuta.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo. Ka yafe mata kurakuranta, waɗanda ta gani ta bi ta gyara da waɗanda ba ta gani ba. Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da iyayenmu da wanmu cikin rahama. Mu da muka rage, Ka ba mu ƙarfin bin sawun abin da muka ɓata tun ƙafa tana iya takawa. Amin.